Ƙofofi Biyu da Suka Tsare Hatsin Sarki

Idan aka ambaci ƙofofin ruwa masu ɗaga jirgi, yawancinmu Panama ce ke faɗo mana a rai. Amma dabarar ta girmi mashigin Panama da shekara fiye da 900, kuma ɓarna da sata ne suka haife ta.

A zamanin daular Song ta ƙasar Sin, hatsin harajin kudu yakan bi babbar hanyar ruwan da aka haƙa har zuwa Kaifeng, fadar sarki. Sai dai ruwan ba a tsayi ɗaya yake ba. Inda wani sashe ya fi wani tudu, sai a gina gangare, a ɗaura wa jirgi igiyoyi, a ja shi sama da kayansa, a zurara shi ɗaya gefen. Jirgin katako maƙare da hatsi ba ya jure wannan wahala. Yakan tsage, kaya su zube, ma'aikatan wurin kuma su haɗa baki da ɓarayin yankin a kwashe. Wa zai tuhumi wani, tunda kowa ya ga haɗari ne?

A shekarar 984, wani jami'in sufuri na yankin Huainan mai suna Qiao Weiyue ya sa aka kafa ƙofofi biyu a hanyar ruwan kusa da garin Huai'an, tsakaninsu taku 50 da ɗoriya. Jirgi ya shiga, a rufe bayansa, a bar ruwan tsakiya ya hau ko ya sauka har ya daidaita da na gaba, sannan a ɗaga ƙofa ta biyu. Doka ɗaya ce ke riƙe da aikin: ba a buɗe ƙofofin a lokaci guda. A ganinmu hikimar mutumin ita ce bai ƙara 'yan gadi ba, haɗarin da ɓarayi ke fakewa da shi ya kawar.

Masani Shen Kuo, wanda ya yi rubutu wajajen 1088, ya ce irin waɗannan ƙofofi da aka yi a Zhenzhou sun rage ma'aikata 500 a shekara, kuma jirage sun riƙa ɗaukar kayan da suka fi na da nesa ba kusa ba, tunda an daina jan su a ƙasa.

A Turai ma an gina irin wannan a 1373, a garin Vreeswijk na ƙasar Holan.