Dodannin Fim da Dodannin Ƙasarmu: Daga Jurassic Park Zuwa Gulbin Rima

 Yau hirarmu kan dainoso ce, manyan dabbobin nan da muke gani a fim suna bin mutane a guje. Tambayar ita ce: na fim ɗin nan, haka na gaske suke?

A 1993 Steven Spielberg ya fito da Jurassic Park, wanda aka gina kan littafin Michael Crichton na 1990. A labarin, masana sun samo jinin dainoso a cikin sauron da ya maƙale a ƙaro, suka ciro sinadarin gadon halitta da ake kira DNA, suka cike giɓinsa da na kwaɗo, sai ga dabba ta ƙyanƙyashe. To, a zahiri DNA ruɓewa yake yi. Mafi tsufa da aka karanta, wanda aka samo a Girinlan aka sanar a 2022, shekarunsa kusan miliyan 2 ne, alhali dainoso sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce. Kun ga tazarar.

Siffar ma an yi mata gyaran fuska. Velociraptor na fim ya kai tsayin mutum, fatarsa kamar ta ƙadangare. Na gaske, wanda aka tono a Mongoliya, bai wuce girman talotalo ba, kuma gashin tsuntsu ne a jikinsa. Dilophosaurus da ke tofa dafi yana buɗe fata a wuya kuwa, babu wata shaida a ƙashinsa da ta nuna haka. Mai fim tsoro yake sayarwa, don haka duk abin da zai firgita ka shi yake ƙarawa.

Yanzu mu dawo gida. Ku da ke Gesse a Birnin Kebbi, da ku mutanen Argungu, ƙasar da Gulbin Rima ke ratsawa ta taɓa zama gindin teku. A ƙarshen zamanin dainoso, wani teku marar zurfi ya ratso Sahara ya malale yankin Sakkwato. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi, ragowar halittun ruwan teku ne da suka taru suka daskare. A wannan yanki aka tono ƙasusuwan wani maharbin ruwa, aka fara bayaninsa a 1930, sannan a 1972 masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus nigeriensis, wato sunan Goronyo. Dangin Mosasaurus ne, dodon nan da ya yi tsalle ya haɗiye kifin shak a Jurassic World na 2015, wanda shi ma an kumbura girmansa. Amma a lura, waɗannan ba dainoso ba ne, dangin ƙadangaru ne da suka rayu a ruwa.

Dainoso na ainihi, sai mu leƙa maƙwabta, Nijar. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas, Bafaranshe Philippe Taquet ya yi tono tun shekarun 1960, ya sa wa Ouranosaurus suna a 1976. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya zo da tawagarsa. A 1998 suka bayyana Suchomimus, mai tsawon kusan mita 11, da dogon baki irin na kada da ƙatuwar akaifa ta kamun kifi. Da a ce yana raye, da ranar su a Matan Fada ba wanda zai shiga ruwa da homa! A 1999 kuma sai Nigersaurus, mai cin ciyawa, bakinsa mai faɗi kamar shebur, da haƙora sama da 500 da ke zubewa wasu na maye gurbinsu. Akwai kuma Jobaria da aka samo kusa da Ingal, wanda aka ɗauko sunansa daga Jobar, dodon tatsuniyar Buzaye.

Suchomimus dangin Spinosaurus ne, wanda ya kashe Tyrannosaurus a Jurassic Park III na 2001. Wannan faɗan bai taɓa yiwuwa ba: ɗaya a arewacin Afirka ya rayu, ɗaya a Arewacin Amurka, kuma akwai shekaru kusan miliyan 30 a tsakaninsu.

Ga inda gizo ke saƙa. Yaro a Birnin Kebbi zai lissafa maka dodannin fim ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa jin cewa akwai dabbar da masana a duniya ke kira da sunan Goronyo ba. Kuma abin da mutum bai san darajarsa ba, shi yake fasawa ko ya sayar da arha. Ƙashin da aka tumɓuke ba tare da an rubuta inda yake kwance ba, ya rasa rabin labarinsa, domin dutsen da ke kewaye da shi ne ke nuna shekarunsa.

Don haka in kun ci karo da dutse mai siffar ƙashi ko haƙori a gona ko a bakin kwari, kada ku fasa. Ku ɗauki hoto, ku lura da wurin, ku sanar da sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa ko hukumar gidajen tarihi. Wanda kuma hanya ta kai shi Yamai, ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama ya ga ƙwarangwal ɗin dainoso ido da ido. Mu haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.