Tabo a jikin kifin akwariyom: yadda ake bambanta cuta da illar cunkoso

Sikilide suna ne na wani babban dangin kifayen ruwan daɗi, mafi yawansu a Afirka da Kudancin Amurka. Karfasar da ake kamawa a kogin Isa ko a tafkin Madarumfa ƴar wannan dangi ce. Haka ma ƙananan kifayen nan masu launin shuɗi da ɗorawa da ake ajiyewa don ado cikin akwatin gilashi, wato akwariyom, waɗanda asalinsu tafkunan Malawi da Tanganyika ne. Kifaye ne masu juriya, amma masu faɗa da son mallakar wuri, kuma da wuya a yi wata shida ana kiwonsu ba a ga wani tabo a jikin ɗayansu ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ruga sayen magani kafin a san irin tabon.

Akwai tabon da ba ciwo ba ne ko kaɗan. Mazan kifayen Malawi da yawa suna da ɗigo-ɗigo masu launin ɗorawa a fiffiken da ke ƙarƙashin ciki kusa da wutsiya. Halittarsu ce: macen tana renon ƙwanta a baki, ɗigon kuma ya yi kama da ƙwai, yana jawo ta kusa da namiji lokacin barbara. Haka nan kifin da ya tsorata kan dushe ko ya fito da ratsi-ratsi masu duhu, ya koma daidai idan hankalinsa ya kwanta.

Farin ɗigo mai kama da gishiri

Wannan ita ce cutar da ta fi yawa, da Faransanci ana kiran ta maladie des points blancs. Wata ƙwayar halitta ce ke jawo ta, Ichthyophthirius multifiliis, wadda wani masani Bafaranshe mai suna Fouquet ya siffanta a 1876. Ɗigon ba ya wuce milimita 1, kamar an barbaɗa wa kifin gishiri a jiki da fiffike. Kifin yana goga jikinsa a duwatsu, yana maƙale fiffikensa, yana numfashi da sauri.

Sanin yadda ƙwayar ke rayuwa shi ne rabin magani. Tana cikin fatar kifi ne lokacin da ake ganin ɗigon, kuma a nan magani ba ya kai gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo kan tsakuwa, ta rufe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan ƴaƴa da ke fitowa neman kifi. A wannan ɗan lokaci kaɗai ake iya kashe su. Shi ya sa ɓacewar ɗigon bayan kwana uku ba waraka ba ce, sau da yawa ma alama ce ta cewa ƙwayar ta sauka hayayyafa. A ruwa mai digiri 25 zagayen yana cika cikin kamar mako guda, a ruwan sanyi kuwa yakan ɗauki makonni.

Abin da masu kiwo suka saba yi shi ne ɗaga zafin ruwa sannu-sannu zuwa digiri 28 ko 30 don gaggauta zagayen, a ƙara iska, a narka gishiri giram 1 zuwa 3 a kowace lita, a ci gaba har kwana 10 zuwa 14. Sikilide suna jure gishiri, amma tsirran ruwa da kifaye marasa ɓawo ba su cika jurewa ba. Magungunan kanti da yawa suna ɗauke da sinadarin vert de malachite, wanda ƙasashe da dama suka haramta a kifin da za a ci, don haka kada mai kiwon karfasa a kwarmin siminti ya ara daga mai akwariyom. A Maraɗi ko Damagaram, dararen Disamba da Janairu ne lokacin haɗari, domin ƙaramin akwati yana saurin hucewa, alhali kifayen Malawi sun fi son digiri 24 zuwa 27.

Ba kowane fari ne wannan cuta ba. Farin da ya yi kama da auduga a kan rauni yawanci naman gwari ne da ya biyo bayan cizo. Idan kuma baki ko gadon baya ne ke yin fari yana zaizayewa, ana zargin cutar kolumnaris, wadda zafi ke ƙara wa ƙarfi. Ɗaga zafin ruwa a nan ƙara mata gudu ne. Ƙananan ramuka a kai, musamman ga oskar da diskus, suna tafiya ne da ruwa mai datti da rashin abinci mai kyau. Baƙin ɗigo kamar barkono kan zo daga wata tsutsa da ke zagayawa tsakanin dodon-koɗi da kifi da tsuntsu, kuma a cikin ɗaki, inda babu tsuntsun, ba ta yaɗuwa. Baƙin shafe mai faɗi kuwa sau da yawa fata ce ke warkewa bayan ƙunar amoniyak.

Cunkoso

A nan ne yawancin matsalar ke farawa. Kifi yana fitar da amoniyak, ragowar abinci ma na ruɓewa ya ƙara. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune cikin na'urar tace ruwa suna mayar da shi nitirit, sannan nitirat, wanda ya fi sauƙin illa. Sabon akwati yana bukatar mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu. A gwajin ruwa, amoniyak da nitirit su zama sifiri, nitirat kuma kada ya wuce miligiram 50 a lita. Gubar amoniyak tana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko ma'aunin pH ya hau, ga shi kifayen Malawi ruwa mai pH kusan 8 ake ba su. Ruwan zafi kuma ba ya riƙe iska sosai: kusan miligiram 9 na oksijin a lita a digiri 20, kusan 7 da rabi a digiri 30. Akwatin da ya ɗauki kifi goma lafiya a Nuwamba yana iya gazawa a zafin Afrilu, balle idan wuta ta ɗauke famfon iska ya tsaya.

Alamomin a bayyane suke: kifaye na taruwa a saman ruwa suna haki da asuba, fiffike a yage, wani ya maƙale a kusurwa ya daina ci, cuta na dawowa bayan kowane magani.

Wani abu yakan rikita sababbin masu kiwo. Gwanaye suna cika akwati da gangan da kifayen duwatsu na Malawi da ake kira mbuna, don kada babban namiji ya tsangwami kifi ɗaya har ya kashe shi. Dabarar tana aiki, amma sai da babbar na'urar tacewa, duwatsun ɓuya masu yawa, namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu, da canjin ruwa kowane mako. Ba ta shafi oskar ba, wanda ke kai santimita 30. Ƙa'idar nan ta santimita 1 na kifi a lita 1 ma ba abin dogaro ba ce ga kifaye masu kauri.

Idan tabo ya fito, a fara da ƙirga kifayen bisa girman da za su kai, ba girmansu na ranar saye ba. A gwada ruwa, a canza kashi ɗaya cikin uku da ruwan famfo da ya kwana a buɗe don kulorin ya fita, a rage abinci. Kada a wanke soson na'urar tacewa da ruwan famfo, sai da ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Sabon kifi kuma ya yi mako 3 zuwa 4 a wani akwati dabam, da ragarsa dabam, kafin a haɗa shi da sauran.