Firintar da Ta Fusata Richard Stallman

A shekarun 1970, ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, a Amurka, yana da firinta ta haɗaka da malamai da ɗalibai ke aika wa aiki daga kwamfutocinsu. Sunanta XGP, ƙirar kamfanin Xerox. Tana fitar da zane da haruffa masu siffofi daban-daban, a zamanin da akasarin firintoci ba su iya komai ba sai jera haruffa iri ɗaya. Aibinta shi ne takarda na yawan maƙale mata.

Maƙalewar kanta ba ta da wuyar gyara, rashin sani ne ke ɓata lokaci. Mutum zai aika aikinsa, ya ci gaba da harkarsa, can daga baya ya taso ya tarar na'urar ta daɗe da tsayawa, ayyukan mutane sun yi layi, ba wanda ya leƙa. Richard Stallman, matashin mai tsara manhaja a ɗakin, bai iya hana takarda maƙalewa ba, sai ya ɓullo wa lamarin ta wata hanya. Da yake asalin rubutun manhajar da ke sarrafa firintar yana hannunsu, ya ƙara mata umarni: idan ta tsaya, saƙo ya je wa duk mai jiran aiki cewa a zo a gyara. Wanda ya ga saƙon ya san shi ake nufi.

Wajen 1980 Xerox ya ba ɗakin kyautar sabuwar firinta mai aiki da hasken laser. Ta fi tsohuwar sauri nesa ba kusa ba, amma ita ma tana maƙalewa, ga shi an ajiye ta a wani bene daban. Stallman ya nemi maimaita dabararsa, sai ya tarar ƙofa a rufe: manhajar ta zo ne a sigar da na'ura kaɗai ke karantawa. Da ya ziyarci Jami'ar Carnegie Mellon, ya roƙi wani mai bincike da ke da asalin rubutun. Mutumin ya ƙi, domin ya sa hannu kan yarjejeniyar riƙe sirri da kamfanin. Abin da ya fi yi wa Stallman zafi shi ne ƙin ya fito daga bakin abokin sana'a, a cikin jama'ar da ta saba musayar manhaja kamar yadda maƙwabta ke aron garwashi.

Zai zama zuzutawa a ce firinta kaɗai ta jawo abin da ya biyo baya. A daidai wannan lokaci kamfanin Symbolics ya kwashe da yawa daga cikin ƙwararrun ɗakin, zaman da Stallman ya sani ya watse. Sai dai labarin firintar ne yake yawan kawowa idan yana bayanin matsayinsa.

A Satumban 1983 ya shelanta shirin GNU, na gina tsarin kwamfuta da kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya raba. Ya bar aikinsa a MIT a farkon 1984, ya kafa gidauniyar manhaja mai 'yanci a 1985. Ya sha fama da Turanci, inda kalma ɗaya ke nufin kyauta da kuma 'yanci. Bahaushe da ya raba kalmomin biyu zai gane nan take cewa firintar Xerox kyauta ce da ba ta zo da 'yanci ba. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda Linus Torvalds ya ɗora Linux a kansa a 1992. A kan Linux ɗin nan aka gina tsarin Android na wayoyin hannu.