Casablanca: fim ɗin yaƙi da soyayya da ƴan kallo suka shafe sama da shekaru 80 suna gardama a kansa

Casablanca fim ne na ƙasar Amurka wanda kamfanin Warner Bros ya shirya a shekarar 1942, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke kan ganiyarsa. Michael Curtiz, haifaffen ƙasar Hungari, shi ne ya ba da umarni, Hal Wallis kuma ya ɗauki nauyin shiryawa. Fim ne baƙi da fari mai tsawon minti 102, wanda ya haɗa soyayya, leƙen asiri da gudun hijira. An fara nuna shi a birnin New York ranar 26 ga Nuwamba 1942, ya shiga sauran gidajen silima ranar 23 ga Janairu 1943. A bikin Oscar na watan Maris 1944 ya ci lambobi uku: gwarzon fim, gwarzon mai ba da umarni, da gwarzon rubutun labari.

Abin da labarin ya ƙunsa

Labarin ya faru ne cikin watan Disamba 1941 a birnin Kasablanka na ƙasar Maroko, wanda a lokacin yake hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa ta Mareshal Pétain da ta miƙa wuya ga Jamus. Ƴan gudun hijira daga Turai sun cika birnin, kowa na neman biza zuwa Lisbon, daga can ya wuce Amurka. Rick Blaine, wanda Humphrey Bogart ya fito a matsayinsa, Ba'amurke ne mai gidan rawa da caca, mutumin da ya yanke wa kansa cewa ba zai ƙara sa baki a rigimar kowa ba.

Wata rana takardu biyu na izinin wucewa, waɗanda aka ƙwace daga wasu manzannin Jamus da aka kashe, suka faɗo hannunsa, ya ɓoye su cikin fiyanon mawaƙinsa Sam. Ba da jimawa ba sai ga Ilsa Lund, wato Ingrid Bergman, tsohuwar masoyiyarsa da ta bar shi tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Paris ranar da ya tsere wa sojojin Jamus a 1940. Ta zo ne tare da mijinta Victor Laszlo, jagoran masu yi wa ƴan Nazi turjiya, wanda ya kuɓuta daga sansanin gwale-gwale. Ilsa ta ƙaunaci Rick ne a lokacin da take zaton mijinta ya mutu. Da ta ji yana raye sai ta koma gare shi ba tare da ta yi wa Rick bayani ba.

Takardu biyu ne, mutane uku. A ƙarshe Rick ya sa Ilsa cikin jirgin Lisbon tare da mijinta, ya harbe Manjo Strasser na Jamus, shi kuma ya tsaya. Kyaftin Renault, shugaban ƴan sandan Vichy mai cin hanci, ya rufa masa asiri, ya jefa kwalbar ruwan Vichy cikin kwandon shara, ya kuma ba da shawarar su tafi Brazzaville wurin dakarun Faransa Mai Ƴanci.

Gardama ta farko: shin daidai ne Ilsa ta tafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba kan ƴan kallo. Ɓangare guda na ganin ƙarshen fim ɗin shi ne darajarsa: namiji ya danne son zuciyarsa, ya mayar da matar wani ga mijinta, domin aikin da mijin ke yi ya fi soyayyar mutum biyu nauyi. Ɗaya ɓangaren kuwa na cewa an yanke wa Ilsa hukunci ne ba tare da an tambaye ta ba. Maza biyu sun daidaita a tsakaninsu, ita kuma aka ɗora ta a jirgi. Gardamar ta yi suna har ta shiga wani fim ɗin na daban, When Harry Met Sally na 1989, inda saurayi da budurwa ke musu kan wanda ya kamata Ilsa ta zaɓa.

Akwai abin da ya kamata mai kallo ya sani game da wannan ƙarshe. An fara ɗaukar fim ɗin ranar 25 ga Mayu 1942 alhali ba a gama rubuta labarin ba, marubutan, wato tagwaye Julius da Philip Epstein da kuma Howard Koch, suna ta gyara ana cikin aiki. Amma dokar tace fina-finai ta Hollywood a wancan zamani ba ta yarda a nuna matar aure ta bar mijinta ta bi wani ba. Don haka ƙofar da wasu ƴan kallo ke fatan a buɗe, tun farko a kulle take.

Ga wanda ya taso da fina-finan Indiya da na Kannywood, wannan tsari ba baƙo ba ne. Soyayyar mutum uku, da karo tsakanin abin da zuciya ke so da abin da aure ko iyaye suka wajabta, su ne ginshiƙin fina-finan Hausa da dama. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna cewa irin wannan karo na daga cikin dalilan da suka sa Hausawa suka rungumi fina-finan Indiya. Bambancin kawai, a Casablanca ba iyaye ne suka shiga tsakani ba, yaƙi ne.

Gardama ta biyu: gwanin fim ne ko sa'a ya taka?

Lokacin da ya fito, Bosley Crowther na jaridar New York Times ya yaba masa ƙwarai. Daga baya wasu masana suka yi masa kallon hadarin kaji. Pauline Kael ta ce bai kai sahun manyan fina-finai ba, sai dai yana da daɗin kallo. Marubucin Italiya Umberto Eco ya ce tarin tsofaffin dabarun labari ne da aka cusa wuri guda, kuma yawansu ne ya sa suke taɓa zuciya. Roger Ebert kuwa ya sa shi cikin fina-finan da ya fi ƙauna.

Ƴan kallo ba su jira hukuncin masana ba. Bayan rasuwar Bogart a 1957, gidan silima na Brattle da ke kusa da Jami'ar Harvard ya mayar da nuna fim ɗin al'ada a lokacin jarrabawa, ɗalibai suna cika ɗakin suna maimaita maganganun ƴan wasa. A 1998 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta sa shi na biyu cikin fina-finai ɗari mafiya daraja, a 2002 kuma ta sa shi na ɗaya a fina-finan soyayya. Da aka fitar da shi da launi a 1988, masoyansa da yawa sun ƙi amincewa, suka ce duhu da hayaƙin baƙi da fari su ne ransa. A 2014 an sayar da fiyanon da aka ɓoye takardun a ciki kan dala miliyan 3.4.

Masu kare fim ɗin suna kafa hujja da wurin da Laszlo ya sa aka rera taken Faransa har ya danne waƙar hafsoshin Jamus. Da yawa daga cikin waɗanda suka fito a wurin ƴan gudun hijira ne na gaske. Conrad Veidt, wanda ya fito a matsayin Strasser, ya bar Jamus a 1933 tare da matarsa Bayahudiya. Madeleine Lebeau da mijinta Marcel Dalio sun tsere daga Paris a 1940, suka bi ta Lisbon, hanyar da fim ɗin ke magana a kanta.

Ba kowa ya ga fim iri ɗaya ba

Ra'ayin ƴan kallo ya danganta da abin da hukuma ta bari su gani. Ƙasar Ireland, wadda ba ta shiga yaƙin ba, ta hana nuna shi a 1943. Hukumomin Amurka ma sun hana a nuna wa sojojinsu da ke Arewacin Afirka, don gudun ɓata wa magoya bayan Vichy rai. Faransawa ba su gan shi ba sai 1947. A Jamus ta Yamma kuwa, wanda aka fitar a 1952 an yanke kusan minti 25, an cire duk maganar ƴan Nazi, aka mayar da Laszlo masanin nukiliya ɗan ƙasar Norway. Sai a 1975 Jamusawa suka ga cikakkensa a talabijin.

Gardama ta uku: ina ƴan Afirka?

An ɗauki fim ɗin ne a Kaliforniya, ba a taka ƙasar Maroko ba. Duk da sunan birnin, mutanen Maroko ba su da wani matsayi a labarin sai na ƴan kasuwa da masu gadi. Baƙar fata guda da ke da muhimmanci shi ne Sam, wanda Dooley Wilson ya fito a matsayinsa. Wasu na yaba yadda aka nuna shi aminin Rick a zamanin wariyar launin fata, wasu kuma na cewa ba a ba shi rayuwar kansa ba, aikinsa kawai ya yi kiɗa ya rarrashi ubangidansa.

Wannan suka na da nauyi idan aka duba tarihi. Brazzaville da Renault ya ambata ta zama hedikwatar Faransa Mai Ƴanci ne bayan gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyane, ya bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940, Kamaru da Kongo suka biyo baya. Akasarin sojojin da suka kama Kufra a Libiya ƙarƙashin Leclerc a watan Maris 1941 ƴan Afirka ne. Babu ko ɗayansu a fim ɗin.

Abin da ya haɗa shi da ƙasar Maraɗi

A watan da labarin ya faru, Nijar ma a hannun Vichy take, ƙarƙashin Gwamna Janar Pierre Boisson da ke Dakar, wanda ya kori harin Ingila da de Gaulle a watan Satumba 1940. Najeriya kuwa tana hannun Ingila, jiragen yaƙin ƙawance na sauka Kano a kan hanyarsu daga Takoradi zuwa Masar. Ke nan iyakar da ta ratsa tsakanin Maraɗi da Katsina, wadda ta raba Katsinawa da Gobirawan Tsibiri da danginsu na kudu, ta zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu masu gaba da juna. An tsaurara zirga-zirga, ana zargin mai ƙetarawa, fatauci ya koma bin hanyoyin daji. Haka aka zauna har sojojin Amurka da Ingila suka sauka Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamba 1942. Cikin wannan watan Boisson ya sauya sheƙa. Wannan saukar ce ma ta sa Warner Bros ya gaggauta fitar da fim ɗin, tun sunan Kasablanka na bakin kowa.

Mutanen Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa sun sake ɗanɗana rufin iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya tsayar da motoci a Ɗan Isa har zuwa watan Maris 2024. Wanda ya taɓa kwana a bakin iyaka yana jiran takarda, ko ya ga matafiya a Agadas suna jiran motar Libiya, ba ya buƙatar a fassara masa halin mutanen da ke zaune a gidan rawar Rick suna sayar da zobensu domin biza.

A birnin Kasablanka kuwa, gidan Rick bai taɓa wanzuwa ba sai a 2004, lokacin da wata tsohuwar jami'ar diflomasiyyar Amurka, Kathy Kriger, ta buɗe gidan cin abinci mai wannan suna kusa da tsohuwar ganuwar birnin, domin baƙin da ke zuwa suna tambayar inda yake.