Tabon Ruwa a Gilashin Mota: Musabbabinsa da Hanyoyin Goge Shi

Tabon ruwa shi ne ɗige-ɗigen nan farare, wani lokaci masu launin toka, da kan zauna a jikin gilashin mota bayan ruwa ya bushe a kansa. Da yawa daga masu motoci kan ɗauka ƙura ce ko sakacin mai wanki, har sai an wanke motar sau biyu ko uku an ga tabon yana nan daram. Da rana ba ya cika damun direba. Illarsa kan bayyana da dare, ko da hantsi da la'asar sakaliya, lokacin da fitilar motar da ke tahowa ko hasken rana ya daki gilashin kai tsaye. A nan kowane ɗigo kan watsa hasken, gaban direba ya yi hazo, ya kasa bambance mai keke da inuwar bishiya a gefen titi. Ga mai sayar da motoci kuwa, gilashi mai tabo kan sa mota mai lafiya ta yi kama da wadda aka daɗe da jinginewa, mai saye ya sami hujjar rage farashi.

Abin da ke haddasa shi

Ruwan da muke amfani da shi yana ɗauke da ma'adanai narkakku waɗanda ido ba ya gani, musamman kalsiyam da magnesiyam, wani wurin har da silika da ƙarfe. Ruwa kan kwaso su ne yayin da yake ratsa duwatsu da ƙasa, shi ya sa ruwan rijiya da na burtsatse kan fi ruwan sama yawan ma'adanai. Masana ruwa kan auna wannan da miligiram a kowace lita. Wanda bai kai 60 ba ana ɗaukarsa mai sauƙi, daga nan zuwa 120 matsakaici, daga 120 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuwa mai nauyi ƙwarai.

Ba sai an je ɗakin gwaji ba kafin a gane ruwan unguwa. Idan sabulu ba ya kumfa da sauri, ko kuma farin ɓawo yana taruwa a gindin butar dafa shayi da bakin famfo, to ruwan yana da nauyi. Abin da ya taru a gindin butar nan shi ne yake taruwa a kan gilashi. Ɗigon ruwa ya zauna, zafi ya ɗauke ruwan, ma'adanan su rage a wurin. Da yake gefen ɗigo ya fi saurin bushewa, ma'adanan kan fi taruwa a can, shi ya sa tabon yake fitowa kamar ɗan zobe. Inda ruwa ke da ƙarfe da yawa, tabon kan ɗan yi ja ko ruwan ƙasa.

Yanayinmu yana ƙara wa abin ƙarfi. A watannin bazara, gilashin motar da ta wuni a rana kan busar da ruwa kafin mai wanki ya zagayo ɗaya gefen. A lokacin hunturu kuma, tsakanin Nuwamba da Maris, iska kan kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Idan wannan ƙura ta haɗu da raɓa ko yayyafin farkon damina, sai ta zama siririn laka ta bushe a kan gilashi. Akwai kuma wasu hanyoyi biyu da mutane ba su cika lura da su ba. Na farko, famfon ba furanni ruwa a harabar ofisoshi da manyan gidaje, wanda kan fesa wa mota ruwa kullum ya bushe a kanta. Na biyu, ruwan da ke ɗigowa daga rufin kankare ko ginin da ba a gama ba. Wannan ya fi kowane muni, domin yana ɗauke da sinadarin siminti mai kaifi, wanda kan kama gilashi da fenti cikin ɗan lokaci.

Matakan tabon guda uku

Sanin matakin da tabo ya kai shi ne ke nuna maganin da ya dace. Mataki na farko shi ne sabon tabo da ke zaune a saman gilashi kawai. Wannan kan fita da wanki da gogewa. Mataki na biyu shi ne wanda rana ta gasa shi kwana da kwanaki, wani ɗigon ya hau kan wani har ya manne. Idan aka shafa yatsa a kansa za a ji kaushi, kuma sabulu ba ya taɓa shi. Mataki na uku shi ne inda ma'adanan suka daɗe har suka ci fuskar gilashin kanta. Gilashi daga yashi ake yin sa, tare da soda da farar ƙasa, kuma sinadari mai ɗabi'ar kanwa yana iya cin sa a hankali idan ya sami zafi da damshi da lokaci. A wannan mataki, ko an cire ma'adanan, zoben yana nan, domin ya riga ya zama ɗan rami.

Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a wanke ɗan wuri a kusurwar gilashi, a ɗora masa tsumma da aka jiƙa da ruwan khal na minti biyar, a goge. Idan tabon ya tafi ko ya ragu, ma'adanai ne a sama. Idan wurin ya yi santsi amma zoben yana bayyana a cikin haske, gilashin ya ciwu.

Shiri kafin a fara

A ajiye motar a inuwa, a bar gilashin ya huce. Duk abin da aka shafa wa gilashi mai zafi bushewa zai yi kafin ya yi aiki, ya bar nasa tabon. Haka kuma watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsawaita ƙaramin tsagun da ke jikinsa. Daga nan a kwarara ruwa sosai don a kore ƙura tun kafin tsumma ya taɓa gilashin. Wannan mataki ba na tsallakewa ba ne. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, saboda haka goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma daidai yake da goga wa gilashin takardar yashi. A tabbatar kuma cewa tabon a waje yake, domin tururin taba da maiƙon hannu kan yi irin wannan hazo daga ciki.

Ruwan khal da lemun tsami

Mafi yawan tabon ruwa dangin alli ne, alli kuwa yana narkewa a cikin abu mai tsami. Farin khal da ake sayarwa a shagunan kayan abinci yana da kusan kashi 5 cikin 100 na sinadarin tsami, kuma wannan ya isa ga tabon mataki na farko da mafi yawan na biyu. A haɗa khal da ruwa mai tsabta daidai wa daida. A jiƙa tsumma ko tawul ɗin takarda, a shimfiɗa a kan tabon, a bar shi minti uku zuwa biyar, ana ƙara jiƙawa don kada ya bushe. Shimfiɗawar ta fi fesawa, musamman a gilashin ƙofa inda ruwa ke gangarewa. Bayan haka a goge da tsumma mai laushi, a ɗauraye, a tsane. Idan tabon ya ragu bai ƙare ba, a maimaita sau biyu ko uku, ko a yi amfani da khal ɗin ba tare da sirki ba.

Ruwan lemun tsami ma yana yin wannan aiki, amma a tace shi, a kuma ɗauraye sosai saboda yana barin danƙo. Duk wanda aka zaɓa a cikinsu, kada a bar shi ya bushe a kan fenti ko robar da ke kewaye da gilashi, domin yana cire man da aka shafa wa fenti don kariya. Wasu kan haɗa khal da bakin soda suna ganin kumfar da ke tashi alamar ƙarfi ce. A haƙiƙa kumfar alama ce ta cewa ɗaya ya kashe ɗaya. Idan za a yi amfani da bakin soda, a dama shi da ruwa shi kaɗai ya yi kauri, a goga a hankali, a matsayin abin kankara mai laushi.

Idan khal ya gaza

Tabon da ke da silika ba ya jin khal, domin silika dangin gilashin ne. Irin wannan sai an kankare shi. Masu sana'ar gyaran jikin mota suna da wani abu mai kama da danƙo da ake murzawa a kan gilashi mai jiƙe da ruwan sabulu, yana tsince abin da ya manne. Akwai kuma man goge gilashi da ake sayarwa a shagunan kayan gyaran mota, wanda ya haɗa ɗan tsami da gari mai laushi. A karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar, a tabbatar na gilashin mota ne, a fara gwadawa a kusurwa.

Wasu kan yi amfani da audugar ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, tare da ruwan sabulu. Tana aiki a bayan gilashi idan sabuwa ce, ba tsatsa, kuma gilashin a jiƙe yake. Amma kada a kuskura a musanya ta da soson ƙarfe na wanke tukunya ko koren soson kicin, waɗanda kan bar zane da ba ya gyaruwa. Kada kuma a kai ta kan madubin gefe, ko murfin fitila na roba, ko cikin gilashi inda ledar baƙi take, ko kan siraran layukan da ke cikin gilashin baya, waɗanda wayoyin ɗumama gilashi ne.

Gilashin da ya riga ya ciwu aikin gwani ne. Ana goge shi da na'ura da garin wani sinadari mai suna siriyom oksaid, wanda ke rage ɗan abu kaɗan daga fuskar gilashin har ramin ya daidaita da kewayensa. Aikin yana buƙatar haƙuri da ruwa a kai a kai don kada wurin ya yi zafi. Gilashin gaba falle biyu ne da aka manne da roba a tsakiya, kuma zafi mai yawa a wuri ɗaya yana iya tsaga shi. Idan aka zurfafa guga a gefe guda, abubuwa za su riƙa bayyana a karkace. Saboda haka idan ciwon ya yi zurfi daidai inda direba ke kallo, canja gilashin ya fi aminci a kan gugarsa.

Abubuwan da ya kamata a guje wa

Ruwan batir mai guba, da sinadaran wanke bayan gida da tayil, ba su da hurumi a jikin mota. Suna ƙona fenti da ƙarfe da hannun mai aiki. Wasu sinadaran wanke ƙafar mota na alminiyom suna ɗauke da asid mai narkar da gilashi, wanda kan mayar da shi fari fat kamar an yi masa hayaƙi, kuma yana ratsa fata ya yi mummunan lahani. Haɗa khal da bilicin wanki yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Toka da kanwa da yashi, waɗanda ake goge tukunya da su, suna zana gilashi. Reza na iya cire fenti ko siminti da ya ɗiga, amma a hannun wanda bai saba ba takan bar kaushi mai tsawo. Ga motar da aka manna wa ledar baƙi, a guji mai goge gilashi da ke da amoniya a cikinsa, domin yana kashe launin ledar ya kuma raunana mannewarta.

Rigakafi

Dukkan matsalar tana faruwa ne a 'yan mintocin da ruwa ke bushewa da kansa, don haka maganinta na asali shi ne kada a bar shi ya bushe. A wanke mota da sassafe ko da yamma, ɓangare-ɓangare, ana tsanewa nan take da tsumma mai shan ruwa ko robar share gilashi. Mai kai motarsa wurin wanki ya kula da wannan, ya roƙi a fara tsane gilasai kafin a shiga share cikin mota. A rage garin sabulun wanki, domin idan bai ɗauraye ba shi ma yana barin farin zane.

Inda ruwan unguwa ke da nauyi, ɗauraya ta ƙarshe da ruwa marar ma'adanai tana kawo bambanci. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batir yana yi, amma a tambaya da kyau, domin sunan ruwan batir ya haɗa shi da mai gubar. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma kusan ba shi da ma'adanai, ana iya tara shi a tace don wannan aiki. Irin wannan ruwa ya kamata a riƙa zubawa a tankin waifa, tun da ruwan burtsatse a tankin yana toshe ƙananan ramukan feshi, yana kuma sake shimfiɗa tabo a duk lokacin da aka fesa. A riƙa goge robar waifa, a canja ta idan ta bushe ta fara barin layi.

Bayan gilashi ya fita tas, ana iya shafa masa sinadarin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare, irin su Rain-X. Yana rage wurin da ɗigo zai zauna, yana kuma sa tabon gaba ya fita da sauƙi, sai dai yana gushewa a hankali, ana sabunta shi bayan 'yan makonni ko watanni gwargwadon yawan wanki da ruwan sama. A ƙarshe, a duba inda ake ajiye mota a gida da wurin aiki. Matsar da ita 'yan taku daga bakin famfon furanni ko ƙarƙashin kankare mai yoyo ya fi duk wani magani araha. Tabon da aka gani a makon da ya fito, kofi ɗaya na khal da tsumma mai tsabta sun ishe shi.