Wa Ke Riƙe da Agogo? Nazari a Kan Sabar Waƙa da Hanyar Haɗa Ta da DAC

A shekarar 2009 kamfanin Linn na ƙasar Sikotilan ya sanar da cewa zai daina ƙera na'urar kunna faifan CD, shekara biyu bayan ya fito da Klimax DS, wadda ke ɗauko waƙa ta hanyar sadarwar kwamfuta. Linn ya riga sauran kamfanoni ne kawai, domin yau mafi yawan masu neman sauti na ƙwarai sun raba aikin da na'urar faifai ke yi gida biyu. Akwai saba, wato kwamfutar da aka keɓe don adana waƙoƙi ko janyo su daga intanet. Akwai kuma DAC, na'urar da ke juya lambobi su koma sautin da amfilifaya da lasifika za su iya fitarwa. Tsakanin su biyun sai waya, kuma a kan wannan waya ake tafka muhawara. Abin da wannan nazari zai nuna shi ne, wanda ya fara da sayen saba ya soma daga ƙarshe. Daga DAC ake fara duba, a dawo baya.

Abu biyu ne DAC ke bukata: lambobi, da lokacin da za a juya kowace lamba. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a sakan ɗaya, kowane awo da bit 16. Tsakanin awo da mai bi masa kusan mikrosakan 22.7 ne. Lambobin ba su cika ba da matsala ba. Duk wata waya mai lafiya tana isar da su yadda aka aiko su. Lokacin ne abin lura. Idan agogon da ke ba da umarnin juya lambobi ya ɗan yi gaba ko baya, sai awo ya faɗo ba a mazauninsa ba, sautin ya ɗan gurɓata. Wannan rawar lokaci ita injiniyoyi ke kira jitter. Kamar mawaƙi ne da bai yi kuskuren baiti ko ɗaya ba, amma makaɗinsa na tangaɗi da ganga. Saboda haka kowace hanyar haɗi aka kawo, tambaya ta farko ita ce wa ke riƙe da agogo, saba ko DAC?

A tsofaffin hanyoyi, saba ce ke riƙe da shi. S/PDIF, wanda sunan Sony da Philips ke cikinsa, yana cusa bugun agogo a cikin lambobin ne, su bi waya ɗaya mai ohm 75. Yayansa na ɗakunan ɗaukar sauti, AES/EBU, an tsara shi a 1985, yana amfani da kan XLR mai ƙafa uku da waya mai ohm 110, siginarsa ta fi ƙarfi, tana kuma jure nisa har wajen mita 100. A dukkansu dole DAC ta tsamo agogon daga cikin abin da ya iso mata, ta bi shi sau da ƙafa. A farkon shekarun 1990 injiniyan Birtaniya Julian Dunn ya nuna cewa tsarin lambobin da ke wucewa ma kaɗai yana iya haddasa rawar lokaci idan wayar ba ta iya ɗaukar saurin siginar yadda ya kamata, kuma har yau masu gwada na'urori suna amfani da siginar gwajin da ya ƙirƙiro. Nan ne kuɗin da aka zuba a agogon saba da wutar da ke ciyar da shi yake da hujja ta ilimi. Wani ƙaramin abu da ake mantawa: kan RCA da aka saba gani a S/PDIF ba cikakken ohm 75 ba ne, na BNC ya fi shi dacewa. Hanyoyin biyu kuma yawanci suna tsayawa ne a bit 24 da awo 192,000.

TOSLINK, wanda Toshiba ya fito da shi a 1983, S/PDIF ne da aka mayar jan haske yana bin zaren roba. Masu kayan tsada sun daɗe suna raina shi, da ɗan dalilinsu, tunda fitilar da ke aikawa ba ta da saurin kunnawa da kashewa kamar siginar waya, kuma na'urori da yawa ba sa wuce awo 96,000 ta wannan ƙofa. Amma yana da abin da babu waya ta ƙarfe da ke da shi: lantarki ba ya bin haske. Duk dattin wutar da ke jikin talabijin ko kwamfuta, a can yake tsayawa.

USB ce ta juya lissafin. Da farko ita ma bin agogon kwamfuta take yi, shi ya sa DAC na USB na farko ba su yi suna mai kyau ba. Sai aka koma tsarin da DAC ke da nata agogo tsayayye kusa da inda ake juya lambobi, tana tara abin da ya iso a ma'ajiyar jira, tana gaya wa kwamfuta ta ƙaro ko ta rage. Gordon Rankin na kamfanin Wavelength Audio a Amurka yana cikin waɗanda suka fara kai wannan tsari kasuwar kayan tsada, kamfanin Ayre kuma ya ɗauki fasaharsa ya sa a DAC ɗinsa QB-9 a 2009. Da wannan, agogon saba ya fita daga maganar juya sauti gaba ɗaya. USB ce kuma ke ɗaukar manyan fayiloli, har da DSD, tsarin faifan SACD na 1999 mai bugu miliyan 2.8 da 'yan kai a sakan. Kwamfutocin Apple da na Linux sun daɗe suna gane aji na biyu na sautin USB, wanda ke ɗaukar irin waɗannan fayiloli, ba tare da an girka komai ba, Windows 10 kuwa sai a 2017 ta bi sahu.

Sai dai an rabu da Bukar an haifi Habu. Wayar USB tana ɗauke da wutar bolt 5 da layin ƙasa, ta nan hayaniyar lantarkin kwamfuta ke iya tsallakawa cikin DAC. Masu ƙera DAC na kirki suna yanke wannan hanya da abin da ke raba ɓangaren USB da sauran na'urar ta fuskar lantarki. Idan an yi wannan da kyau, saba mai tsada da mai araha kusan abu ɗaya suke miƙawa. Idan ba a yi ba, saba mai tsabtar wuta na iya kawo bambancin da za a auna. Ya kamata kuma a san cewa a sautin USB ba a sake aiko fakitin da ya lalace. Idan hakan ta faru, ƙaras-ƙaras ake ji ko yankewa. Ɓatan lamba ba ya sa ganga ta yi laushi ko murya ta yi nisa, duk da abin da masu tallan waya ke faɗi.

I2S ba ya bukatar dogon bayani. Philips ya tsara shi a 1986 don haɗa sassa a cikin na'ura ɗaya, agogo da lambobi kowanne da layinsa. Wasu kamfanoni, irin su PS Audio, sun fito da shi waje ta kan HDMI, amma babu ƙa'ida ɗaya ta jera ƙafafuwan. Saba ta wani kamfani da DAC ta wani suna iya ƙin jituwa, ko hagu ta koma dama. Wanda ba daga gida ɗaya zai sayi biyun ba, ya tabbatar kafin ya biya.

Saura hanyar sadarwa, inda DAC ke da ƙofar Ethernet a jikinta. A fasahance ita ta fi tsabta: fakitin da ya ɓata ana sake aiko shi, DAC na da agogonta, kowace ƙofar Ethernet kuma tana da 'yar taransifoma da ke raba na'urorin biyu. Ana iya ajiye sabar a wani ɗaki da fankarta da zafinta. Rauninta a manhaja yake. Sai saba da DAC sun yi magana da harshe ɗaya, ko UPnP, ko OpenHome da ya samo asali daga Linn, ko RAAT na manhajar Roon. Manhaja kuwa ba ta da tsawon ran ƙarfe. Logitech ya daina ƙera na'urarsa ta Squeezebox a 2012, sai masu sa kai suka ci gaba da raya manhajarsa. Kamfanin MQA, wanda masu DAC da yawa suka biya lasisinsa, ya durƙushe a 2023, dandalin waƙa na Tidal kuma ya watsar da tsarin MQA a shekarar da ta biyo. DAC mai kyau na iya yin shekara ashirin tana aiki, amma sashen intanet da aka liƙa mata ba lalle ya kai rabin haka ana kula da shi ba. A ganina wannan hujja ce mai ƙarfi ta raba su akwati biyu.

To, nawa ne daga cikin wannan duka kunne ke ji? Nan ne masu awo da masu saurare suka raba gari. Wani bincike da Kaoru Ashihara da abokan aikinsa suka buga a Japan a 2005 ya sami cewa masu saurare ba su fara gane rawar lokaci mara tsari ba sai da ta kai ɗaruruwan nanosakan. DAC na zamani kuwa da pikosakan ake auna tata, wato ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Tun farkon shekarun 2000 na'urori irin su Benchmark DAC1 suke sake lissafa awon da ya shigo bisa agogonsu na ciki, har ta S/PDIF ma rawar saba ba ta isa inda ake juyawa. Wannan bai nuna duk wanda ya ce ya ji bambanci ƙarya yake ba. Akwai DAC masu tsada da ƙofofinsu ba ɗaya suke ba, musamman na ƙananan kamfanoni da suka zuba basirarsu a ɓangaren sauti suka sayo allon USB daga waje. Amma ƙarin ƙarfin murya kaɗan, wanda bai kai a lura da shi ba, ya isa ya sa mutum ya rantse ɗaya ta fi ɗaya. Gwajin da ba a daidaita ƙarfi ba, kuma mai saurare ya san wace ke kunne, ba hujja ba ce, balle ga wanda ya riga ya kashe kuɗinsa.

Masu ƙera DAC da kansu sukan nuna ƙofar da suka fi yarda da ita, ga mai lura. Berkeley Audio Design na Amurka da gangan bai sa USB a jikin Alpha DAC ba, ya ware ta a wani akwati daban da ke fitar da AES da S/PDIF. Chord na Ingila yana amfani da BNC biyu a tare don kai awo sama da 700,000, dCS kuma AES biyu. Daga ɓangaren saba, Grimm na Holan ya gina sabarsa MU1 ne a kan agogonsa da ƙofar AES. Haɗa irin wannan saba da DAC da ke watsar da agogon waje ta dogara da nata, biyan kuɗin abin da ba za a mora ba ne. Haka nan sayen saba irin Taiko Extreme, da kuɗinta ya haura dala dubu ashirin, domin DAC da ƙofarta ta USB a killace take, kwalliya ce da wuya ta biya kuɗin sabulu. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi tana miƙa lambobin nan ba ragi.

Inda saba ke bambanta da gaske, ba a waya ba ne. Manhajar da ake neman waƙa da ita kullum, iya riƙe dubban kundaye ba tare da nawa ba, rashin ƙarar fanka, sauƙin kwafe ajiya zuwa wani faifai kafin na ciki ya mutu, waɗannan su mai saye zai rayu da su. Mai son Roon yana bukatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi, mai son manhajar HQPlayer ta ninka awo zuwa DSD yana bukatar wadda ta fi haka sosai, kuma irin wannan kwamfuta gara ta zauna nesa da kayan sauti. Aurender na Koriya ta Kudu da Innuos na Fotugal kowanne yana da tasa manhaja, ya kamata a riƙe ta a hannu a gwada kafin a yanke shawara.

Ga wanda ke zaune inda wuta ke zuwa daga janareta ko inbata, kuma wayar ƙasa ta gidan ba abin dogaro ba ce, lissafin ya ƙara karkata. Gurnanin da ke shiga lasifika ta layin ƙasa ya fi kowace rawar agogo fitowa fili, saboda haka TOSLINK ko Ethernet na iya fin USB amfani a aikace. Batun data ma haka: awa ɗaya ta sautin CD da ba a matse ba kusan megabait 635 ce, ta bit 24 da awo 192,000 kuwa ta haura gigabait 4, matsewa da FLAC yana rage wajen rabi. Saba mai faifan ajiya a ciki ta fi wadda ta dogara kacokan da Qobuz ko Tidal.

Mai karatu da ke shirin saye, ka buɗe littafin DAC ɗinka tukuna, ka ga wace ƙofa aka killace, wace ke ɗaukar fayilolin da kake da su, kuma agogon wa take bi. In nata take bi, sayi saba saboda manhajarta da ajiyarta, ragowar kuɗin ka kai su ga lasifika da gyaran ɗaki. In na saba take bi, a nan ne ya dace ka biya kuɗin agogo.