Yadda Daular Usmaniyya Ta Rikiɗe Ta Koma Turkiyya

Wannan makon Istanbul muka nufa.

Sau biyu dakarun Usmaniyya suka yi wa birnin Biyana ƙawanya, a 1529 da 1683, ba su ci shi ba. Masu birnin, gidan sarautar Habsburg na Kiristoci, sun daɗe suna gaba da su. Sai ga shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya sun tsaya ɓangare guda, aka ci su tare a 1918.

Amma rikiɗar ta girmi yaƙin. A da, haraji da biyayya daular ke nema a wajen talaka. Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa, kowa shugabannin addininsa ke yi masa hukuncin aure da gado. Shan kashi a fagen fama ne ya sauya lissafi. Sojan zamani sai da albashi, albashi sai da haraji tsayayye, shi kuwa sai an ƙidaya mutane an ɗauki ma'aikata. A 1826 Sultan Mahmud na Biyu ya murƙushe tsohuwar rundunar Janisari, a 1839 aka shiga gyare-gyaren Tanzimat, a 1856 aka shelanta cewa Musulmi da wanda ba Musulmi ba daidai suke a gaban doka. Bashin Turawa kuma ya yi katutu, har a 1881 masu bin bashin suka kafa hukumar da ke karɓar harajin gishiri da taba.

Mustafa Kamal da majalisar Ankara suka ƙarasa: an soke sarauta a 1922, an kafa jamhuriya a 1923, halifanci ya bi baya a 1924.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne musayar jama'a ta 1923. Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka koma Girka, Musulmi wajen 400,000 suka koma Turkiyya, kuma addini aka duba, ba harshe ba. Akwai Kiristocin Anatoliya da Turkanci suka tashi da shi, akwai Musulmin tsibirin Kirit da Girkanci suke yi a gida. Duk aka kwashe su, wai an mayar da su ƙasarsu. Mai neman jigon labari, ga shi nan.

A 1928 aka ajiye haruffan Larabci aka ɗauki na Latin. Duk wanda ya taɓa riƙe wasiƙar kakansa ta ajami ya kasa karantawa, ya san halin da jikokin Turkawa suka shiga.